Kakar Wasan da Ba Ka Gani Ba

Zuwa ga Baban Nasiru,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda na saba yi maka, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahama da sanyin makwanci. Mu nan Villeurbanne, gefen birnin Lyon, muna lafiya, ni da yaron. Na san takarda ba ta isa inda kake, na kuma san wasu ne za su karanta wannan a shafina na intanet. Amma kai ka fara kai shi filin ƙanƙara yana ɗan shekara shida, don haka kai ya kamata in ba labarin gasar hoki ta matasa ta bara.

Ka rasu a watan Mayu. A satin da na fita takaba aka buɗe gasar. Na ɗauka zai bari. Ranar Asabar sai na gan shi ya jawo jakar nan tasa mai kama da buhun gero, ya tsaya a bakin ƙofa yana jirana. Na ɗauki mayafina, muka hau tiram, jirgin ƙasan cikin gari.

Ka san ban taɓa zuwa ba. Shekara goma kuna tafiya ku biyu, ku dawo kuna ta surutu da Faransanci, ni nawa wankin kaya masu warin gumi. Ran nan na gani da idona. Samari majiya ƙarfi, kowa da sanda, a ƙasan takalminsu ƙarfe kamar wuƙar mahauta, suna gudu kamar babur, su kwashi juna su maka da katangar gilashi. Ƙarar har cikin haƙorana nake jin ta. Na tuna yadda kake ce mini, "Zuwaira, jikinsa kaf a rufe yake, ko tsinke ba zai taɓa shi ba." Baban Nasiru, ashe ɓoye mini kake yi.

Haka na yi ta zuwa duk sati. Iyayen yara na kaɗa ganga suna ihu, ni kuwa hannuna na cikin aljihun kwat ina jan carbi. Har yau ban gane dokokin wasan ba. Abu ɗaya nake dubawa: mai lamba goma sha huɗu yana tsaye ko ya faɗi.

Mai horar da su ya taɓa tsayar da ni a bakin fili. Ya ce tun da ka tafi wasan yaron ya canza, yana kutsawa inda bai kamata ba, kamar mai neman a buge shi. Na dawo gida da niyyar yi masa magana. Na same shi a kicin yana naɗe sandarsa da zaren manne kamar yadda ka koya masa, sai na fasa, na ɗora tukunya.

A watan Janairu aka kai su wasa bayan garin Paris. Su suka tafi a motar ƙungiya, ni na hau jirgin ƙasa, na sauka gidan ƙanenka Idi a Montreuil, muka je tare bayan azahar. Nasiru ya ci ɗaya tun da fari, Idi ya miƙe yana tafi. Ba a jima ba ya bi ɗan faifan robar da suke bugawa zuwa kusurwa, wani ƙato ya taho masa ta baya. Kansa ne ya fara isa katangar.

Ya faɗi ruf da ciki. Na jira ya tashi kamar kullum. Bai motsa ba. Gangar ta tsaya, wurin ya yi tsit, sai ƙarar injin sanyi.

Ban san yadda na sauko ba. Na dai san na ture wani mutum a ƙofa, na taka ƙanƙarar da takalmina, na zame na faɗi, na ƙarasa da rarrafe. Ana ta ce mini kada in taɓa shi. Suka sa masa abin riƙe wuya, suka ɗaure shi a kan katako. Idonsa a buɗe, amma ba ni yake kallo ba. Wata takwas kacal da na ga an ɗauke ka haka.

A asibiti aka yi masa hoton kai. Likita ta ce wuya bai karye ba, jini bai zuba ba, ƙwaƙwalwa ce ta girgiza. Ina cikin hamdala sai ya juyo ya ce, "Mama, ina Baba? Ya ga wanda na ci?"

Idi ya tashi ya fita daga ɗakin.

Na ce masa ka ɗan fita. Ya gyaɗa kai ya lumshe ido. Bayan 'yan mintoci ya sake tambaya, da murya iri ɗaya, kamar bai taɓa yi ba. Na sake cewa ka fita. Sau bakwai na ƙirga. Likitar ta ce hakan na faruwa, tunaninsa zai dawo da kansa. Ni kuma na rasa wanne ya fi ba ni tsoro: kada ya dawo, ko ya dawo yaron nan ya rasa ka sau biyu. Na yi masa ƙarya da sunanka, Baban Nasiru. Ka yafe mini.

Da safe aka kawo masa shayi. Ya kai kofin baki, sai ya tsaya. Ya dubi Idi a kan kujera, ya dubi ƙofa, ya daɗe yana duban ta. Sannan ya ce, "Ya rasu, ko?" Na ce eh. Kukan da bai yi ba ranar jana'izarka, ran nan ya yi shi, kansa a cinyata, shayin ya zube a zanen gado.

Muka dawo Lyon. Makonni ya yi yana kwance a ɗaki labule a sauke, ba waya, ba lakwal, wato makaranta, haske kaɗan ya sa masa ciwon kai. Nakan tambaye shi sunan garinmu ko ranar da muke ciki, in yi kamar na manta ne. Ya gane, amma yakan amsa.

A watan Maris wani likita a nan Lyon ya ce ya warke, zai iya komawa in na sa hannu. Idi ya bugo waya ya ce wallahi in ɗansa ne ya gama da wasan nan. Na so in bi maganarsa. Nasiru bai roƙe ni ba. Abin da ya ce kawai, "Mama, a can ne kaɗai in na faɗi nake jin Baba yana cewa tashi." Kwana uku takardar na cikin kabad ɗin tukwane. Na yi istihara, na sa hannu.

Wasan ƙarshe a nan Lyon aka yi. An cinye su, ba su wuce zagaye na gaba ba. Sauran yara suka fito ransu a ɓace. Ni na ga nawa ya fito da ƙafafunsa, gashi jiƙe da gumi, yana cewa yunwa yake ji. Ban taɓa murna da rashin nasara irin ta ran nan ba.

Tsoron bai tafi ba, kada in yi maka wata ƙaryar. An buɗe sabuwar gasa, an ɗaga shi zuwa rukunin manyan samari, sun fi na bara tsawo da nauyi. Duk ranar wasa abinci ba ya shiga cikina. Da kana nan, da na yi maka faɗa son raina, sannan in zauna kusa da kai in riƙe hannun rigarka.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kurakuranka. Ya tsare mana yaron nan gaba da baya, Ya kare kansa da wuyansa, shi da 'ya'yan mutane duka, har wanda ya buge shi. Ni kuma Ya ba ni zuciyar da zan iya zama a kujerar nan ran Asabar.

Taka har kullum,
Zuwaira