Kwamfutar Gwaji Ba Za Ta Koro Ni Gida Ba

Yaya Bahauddeen,

Assalamu alaikum. Ya Gumel, ya ƙafar Inna? Ka gaishe min da Anti Hadijatu da yara.

Lafiyata ƙalau a nan Malesiya, kada ramar da ka gani a hoto ta dame ka. Aikin kammala digirina ne ya ɗan takura ni. Na kafa kwamfutar gwaji, wato manhajar da ke kwaikwayon kwamfuta, a cikin kwamfutata, amma da zarar na haɗa ta da manhajar da ke zaƙulo kurakuran aikina, sai ta sandare ta mutu. Malamina ya ce, “Rayhana, ki sauya aiki, wannan ya fi ƙarfinki.” Na ce, “Malam, ba sauƙi na zo nema ba.”

Jiya na gano wani saiti ne yake karo da manhajar. Na kashe shi, ta yi aiki har la'asar sannan ta sake mutuwa. Zan gano sauran.

Don Allah a aiko min da kuka da daddawa, kuma Inna ta sa ni a addu'a. Kawu na Gagarawa kuwa, ka ba shi haƙuri, ka ce masa aikin koyarwar da ya samo min, ya ba wa wata kawai. Ba zan dawo ba sai da digirina.

Ƙanwarka,
Rayhana