Langar da na ɗaure da fuskar ɗan takara

Zuwa ga Goggona Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya a can Yola, ya baƙunta, ya ciwon gwiwar? Mu nan Garwa sai godiya. A shafina na sada zumunta na rubuta wannan wasiƙa da gangan, don matan jam'iyyarmu su karanta tare da ke. Kin san idan a gabanki ne, kaina a ƙasa zan yi ta wasa da bakin mayafi har ki gaji ki sallame ni.

Goggo, maganar langar nan ce.

A lokacin kwana huɗu ke nan da faɗin sakamakon zaɓe, unguwa ta rabe biyu, maƙwabci ba ya amsa sallamar maƙwabci. Ke ce shugabar matan adawa ta unguwarmu, tsakar gidanmu cike da mata, wasu na kuka, wasu na rantsuwa. Sai ga labarin rasuwar Baba Yakubu mahauci, wanda kowa ya san mutumin gwamnati ne, har tutarsu ya kafa a kan teburin namansa. Mata suka ce ba mai taka ƙofar gidan. Ke kuwa sai kika ɗora tukunya. Shinkafar garin Maga da miyar tasba, wato tafasa. Abin da kika ce kawai shi ne, gidan mutuwa ba ya hura wuta, maƙwabta ke ciyar da shi, kuma ba a tambayi katin jam'iyyar kowa ba.

Kika ce in ɗaure langar in kai, ga ki nan tafe. Ni kuwa ina ɗaki da littafina na soyayya, daidai wurin da saurayin ya dawo bayan shekara bakwai ya tsaya a ƙofar gidansu yarinyar. Da hannu ɗaya na jawo ƙyalle daga kan igiya, idona na kan shafi. Wallahi ban duba ba.

Sai da na dire langar a tsakiyar masu zaman makoki na gani. Ragowar atamfar jam'iyya ce, fuskar ɗan takararmu a saman murfin, yana murmushi. Inna Asabe, matar mamacin, ta kalli langar ta kalle ni. Wata ta ce, wato dariya aka aiko a yi musu.

Har yau idan na rufe ido ina ganin shigowarki. Kika cire takalmi, kika kwance ƙyallen a hankali, kika ninke shi fuskar a ciki, kika tura ƙarƙashin langar. Sannan kika durƙusa da wannan gwiwar taki gaban Inna Asabe, kika ce laifinki ne, a yafe miki. Ko kallona ba ki yi ba, balle ki kira sunana. A hanyar gida ma tambayata kika yi ko yarinyar littafin ta buɗe masa ƙofa.

Na karanta jarumai da yawa, Goggo, dogaye masu ƙamshi da manyan motoci. Ban taɓa cin karo da wanda ya durƙusa saboda shirmen wani ba.

Bayan an fara neman shugabannin adawa kin ƙetare iyaka, sai zancen ya juye. Wai kin kife fuskar ɗan takara a gaban mutanen gwamnati, wai an saye ki, tafiyar ma wai shiri ce. Ranar Asabar suka kira taro a gidan Hajiya Ladi, ma'ajiyarku, don a cire ki a naɗa wata. Ni an ce in zo raba ruwa ne.

Na san shiruna ne ke cin sunanki. Da aka ce a ɗaga hannu, sai na ji kaina a tsaye, buta a hannu, kamar ranar da madam ta fito da ni gaban allo a lise, makarantarmu ta sakandare. Na faɗi komai, har da sunan littafin da nake karantawa. Wata ta fashe da dariya ta ce, oh, 'yar soyayya ce ta kusa rusa mana jam'iyya! Kunya kamar in nutse. Hajiya Ladi ta rufe littafin taro ta ce kujerar Dije ta jira Dije. Ba duka suka ji daɗi ba, mutum uku sun fita ba sallama. Amma ba wadda ta ɗaga hannu.

Jiya kuma Inna Asabe ta aiko ƙanwarta da langar, tunda ita tana takaba. Ba ta dawo da ita wayam ba, kilishi ne cike. A ɗaure take da ƙyallen nan, an wanke shi, an goge, fuskar a waje. Ban bari kowa ya taɓa ba, na ɗora a kan gadonki.

Ki yafe mini jinkirin, Goggona. Allah ya tsare ki inda kike, ya sanyaya zukatan mutanen garin nan, ya jiƙan Baba Yakubu, ya dawo mana da ke kafin kilishin ya ƙare, don ban yi alkawarin ba zan ɗanɗana ba.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza