Mainas Ɗin da Na Goge

Zuwa ga 'yata Aina'u,

Bayan gaisuwa, ya jikin Innarki, ya shuka a Tsanyawa? Ni lafiya lau a Inugu, abinci ne dai ba ya shiga.

Na faɗi jarrabawar lissafi a makarantar safiyo, da maki biyu. An ba mu bekta biyu, wato layuka masu tsawo da alƙibla, (2, 3) da (k, 4), aka ce mu nemo k don su haɗu kamar kusurwar ɗaki. Na ninka, na tara, na daidaita da sifili: 2k + 12 = 0. Mainas shida ta fito. Sai na ce shekara talatin ina auna gona da igiya, ban taɓa ganin tsawo ƙasa da babu ba. Da hannuna na goge mainas ɗin.

Malamin ya yi min dariya, sa'an ƙanena, amma bai zalunce ni ba. Alhamis zan sake. In na faɗi, sun kore ni.

Don Allah, ke da kika san lissafi, ki kira ni, ba a gaban Innarki ba, ki nuna min inda mainas shida take a gona. Abin da ban gane ba, hannuna ba ya yarda ya rubuta.

Allah ya yi miki albarka.

Babanki,
Muntaka