Takardar da Ban Kai wa Hedimasta Ba

Zuwa ga Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kina lafiya, ya ƙafar taki? Ki yi mini afuwa da na ɗauki biro na rubuto miki, ni da ko gaishe ki nake sai kaina a sunkuye. Sau uku ina yaga takardar nan.

Gwaggo, na yi laifi. Ranar Laraba Mama ta ba ni ambulan in kai wa hedimastan makarantar da take koyarwa. Ba ta manne bakinsa ba, na karanta. Takardar ajiye aiki ce, bayan shekara ashirin da biyu tana riƙe da aji huɗu. Ban kai ba. Tana cikin littafina na bayoloji.

Kusan shekara guda ke nan Mama ba ta da daɗi. Tana zaune lafiya lau sai zafi ya taso mata daga ƙirji zuwa fuska, zufa ta jiƙa ɗankwalinta. Kullum da safe ni ke shanya zanen gadonta. Ba ta samun barci, abu kaɗan ta yi faɗa, ta koma ɗaki ta yi kuka. Baba kuwa dariya yake yi. In ya dawo sai ya leƙo ya ce da ni, "Auta, yau ma sojoji ne ke mulki a gidan?" Da ina taya shi dariyar. Yanzu kunyar hakan nake ji.

Sau huɗu mai kemis ɗin kan kwana yana ba ta maganin zazzaɓin sauro, ko yatsanta bai taɓa tsirewa don gwajin jini ba. Da na raka ta asibiti, likitan bai ɗago kai daga rubutunsa ba. Ya ce, "Ki rage tunani, Malama." Shi ke nan fa! Tun safe muke kan benci.

Makon jiya tana tsaye gaban allo kalmar da za ta rubuta ta ɓace mata ɓat. Zufa ta karyo, yara suka yi ta ƙyalƙyala dariya, hedimasta kuma yana wucewa ta taga. Ya kira ta ofis ya ce in ta gaji ta faɗa. Ta dawo ta ce da ni, "Gara in tafi da mutuncina kafin kaina ya gama juyewa."

Gwaggo, kanta bai juye ba! A shafin da na ɓoye takardar an yi bayanin abin da ke samun mata in al'adarsu ta kusa ɗaukewa, kuma duk abin da na gani a jikin Mama yana ciki. Sakin layi ɗaya ne tak, malaminmu ma tsallake shi ya yi. Na kasa buɗe baki in gaya mata. Ta yaya zan fara?

Tana zaton takardar ta isa, don haka ran Litinin ba za ta fita ba. Ke kaɗai ce Baba ba ya musa wa. Don Allah ki zo.

Taki mai biyayya,
Auta

Zuwa ga Gwaggo,

Bayan gaisuwa da fatan kin isa gida lafiya. Allah ya saka da alheri. Ban samu damar yi miki godiya ba don na ɓuya a bayan ƙofar kicin, amma na ji lokacin da kika ce da Baba, "Kai da mura ke kwantar da kai kwana uku, kai ne mai dariya?" Tun ranar bai sake zancen sojoji ba. Jiya ma fanka ya sayo wa Mama.

Sakamakon gwajin da aka yi mata a sashen mata na asibiti, inda kika kai ta, ya fito. Likitar ta ce jininta ya yi ƙasa sosai saboda yawan zubar da take yi, shi ya ƙara mata kasala. Hawan jini ma ya fara leƙowa. Gwajin nono da na bakin mahaifa lafiya lau, alhamdulillahi. An ba ta magunguna, an ce ta riƙa rubuta ranakun da zafin ke taso mata, ta koma bayan mako shida. Ba ta warke ba, amma ta daina cewa kanta ya juye.

Mama ta karɓe takardar ajiye aikin daga hannuna. Kwana biyu ba ta yi mini magana ba, sai "miƙo" da "ajiye". Ta ce na tona mata asiri wurin dangin miji. Amma ran Litinin ta saka takalminta ta tafi aji huɗu, da ƙaramin tawul a jaka.

Saura abu ɗaya, ki gafarce ni. A mota, muna hanyar asibiti, kin gaya wa Mama cewa ke ma shekara biyar kika yi a haka, kakata Inna ma haka, har maƙwabciyarmu mai ɗinki. Ashe duk kun sani! Kuna zuwa, kuna ganin ta tana fifita da murfin tukunya, kuna cewa "sannu". Don me ba wadda ta ja ta gefe? Da ban karanta abin da ba nawa ba, da yanzu Mama na zaune a gida tana jiran hauka. Wannan ya fi maganar likitan farko ƙona mini rai.

Na san na wuce gona da iri. Amma Mama ba za ta gaya miki abin da za a ce mata bayan mako shidan nan ba, za ta ce da sauƙi kawai. Ni zan raka ta, kuma wannan karon zan shiga har ciki. In kin yarda, zan sake rubuto miki. In kuma faɗa za ki yi mini, ki yi shi a takarda, don in a gabanki ne kuka zan yi.

'Yarki,
Auta