Man Shanun Inna

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu, a Kebbe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da ladabi, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Baffa Bube? A gaishe min da Hinde da yaranta.

Inna, kwalbar man shanun da kinka aiko ta iso Kumasi. An ce kin ga hotona kin yi kuka, wai yunwa ta ramar da ɗanki. Wallahi ba yunwa ba ce. Likita ya ce in ban rage ƙiba ba, ciwon sugan da ya ɗauke Baba na nan tafe. Shi ya sa na bar lemon kwalba da tuwon dare, wake da zogale nika ci.

Da wuya kam. Ranar da na buɗe kwalbar, ƙamshin ɗakinki ya buge ni, sai da na lasa. Sauran na ba maƙwabcina, ina kau da kai. Don Allah ki daina aikowa, addu'arki ta ishe ni.

Kin tuna kaftanin Baba da ya ƙi shiga jikina bara? Da shi na yi sallar Juma'a jiya.

Ɗanki,
Abdulganiyyu