Wayata ta tona asirin ɗana, ni kuma na ɗora wa matarsa

Assalamu alaikum. Ina gaida masu kula da wannan shafi da duk mai karantawa, Allah ya ba ku ladan sauraron damuwar mutane. Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta ba zan gane shi ba. Faɗa nake yi, maƙwabciyata malamar firamare tana rubutawa, na kuma ce mata ko kuka ya ci ƙarfina ta jira ni, kada ta gyara min magana. Ku ɓoye sunana. Garinmu ƙauye ne tsakanin Gumel da Sule Tankarkar, iyakar abin da zan faɗa ke nan. Don Allah kada ku zage ni sai kun kai ƙarshe. In kun kai, ba zan hana ku ba, ni ma abin da nake yi wa kaina ke nan.

Shekara uku ke nan da Malam mijina ya rasu. Ina cikin takaba ɗana ya kawo min waya, babba, irin mai shafawar nan, ya ce in riƙa jin karatu, in kuma ga fuskar ƙanwarsa da ke aure a Damagaram idan ta kira. Shi ne ɗana na fari, kun kuwa san yadda muka tashi. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa zaunar da shi na ce me ke damunka ba. Ya durƙusa ya gaishe ni, in amsa ina kallon bango, shi ke nan. A nan zan ce masa Ɗanlami, ba shi ne sunansa ba. Sana'arsa sayen riɗi a ƙauyukan Gagarawa ya kai Maigatari. Matarsa 'yar Maigatari ce, shekararta shida a gidan nan, har yau Amarya muke ce mata, kuma Allah bai ba su haihuwa ba, ko ɓari ba ta taɓa yi ba.

Ranar da ya kawo wayar ya nuna min inda zan taɓa, ya ce, "Inna, in wani ɗan akwati mai rubutu ya fito ya tare miki gaba, ki danna shuɗin nan, zai tafi." Haka na yi ta yi, ya fito in danna, ya fito in danna. Ina na san wai izini ake nema? Ina na san da babban yatsana nake buɗe wa baƙi ƙofar gida?

Bara bayan an gama girbi sai wayar ta fara nuna min jarirai. Ina tsakiyar jin karatu sai ga jariri a naɗe cikin tawul, ga kwalbar magani, ga wata mata da farar riga irin ta asibiti tana murmushi. Da fari daɗi na ji, na ce bushara ce, har sadakar ƙuli-ƙuli na yi. Amma abu ya ƙi ƙarewa, duk inda na taɓa suna nan. Sai na ɗauka na shiga gidan Malama, ita wannan da take rubutun nan, na ce, "Malama, duba min, wayar nan duba take yi ne? Ya aka yi ta san abin da ke raina?" Ta yi dariya ta ce, "Inna, waya ba boka ba ce. Duk shafin da aka shiga yana barin 'yar alama a cikinta, kukis suke ce mata. Kamar ki taya zane a kasuwa ne, dillaliya ta gan ki, ta biyo ki har gida, ta kuma gaya wa sauran dillalai, kowa ya kwaso nasa ya zo. Wani ne ya nemi abin a wayar nan, shi ya sa masu talla suke bin ta." Na ce to tallar mene ne? Ta duba, dariyar ta ɗauke, ta ce, "Maganin haihuwa ne, Inna." Ta miƙo min wayar da sauri kamar ta taɓa garwashi.

Na dawo gida ina lissafi. Wa ke taɓa wayata? Amarya. Tata ƙarama ce mai dannawa, in ta gama aikin hantsi sai ta zo ta ce, "Inna, ara min in kalli girki." Wallahi ba neman maganin ne ya ƙona ni ba, ni kaina saiwa nawa na jiƙa mata, rubutu nawa na karɓo? Ɓoyewar ce. Na tuna wata tafiya da suka yi Kano ita da shi, wai gaida 'yar'uwa, suka dawo kowa fuska a ɗaure. Na ce ashe asibiti aka je, ashe an gaya mata matsalarta ta rufe ni, tana shan jiƙona tana kallona, shekarun ɗana suna tafiya, ni kuma ina jin ƙafata tana kusantar kabari ban ɗauki ɗansa ba. Da na kira ta ɗaki na tambaya, da me zai faru? Amma suruka ce, akwai nauyi. Na ji nauyin tambayarta mu biyu, ban ji nauyin tozarta ta a gaban mata hamsin ba. Ku duba wannan hankali.

Ranar suna ne a gidan ƙanin Malam. Mata sun cika tsakar gida, Amarya na bakin murhu tana kwasar tuwo. Matar gidan ta ce da wasa, "Yaya, ke kuma sai yaushe za mu zo mu ci naki? Ko rowar tuwo kike mana?" Aka yi dariya. Ban san lokacin da na ciro wayar daga lalitata na ɗaga ba. Na ce, "Ku tambayi wannan, ita ta san abin da ake ɓoye min a gidana. Mutum ya san shi juya ne, likita ya gaya masa, ya zauna yana cin tuwon mutane!" Wayar ta yi ta yawo hannu zuwa hannu, jaririn nan na tawul yana ta murmushi. Amarya ta ajiye mara a hankali, ta ce, "Inna, ni girki nake kallo da zanen lalle." Na ce, "To wayar ce ta yi miki ƙarya?" Ta gama kwashe tuwon nan tsaf, ta wanke hannu, ta ɗauki mayafinta.

Kafin la'asar magana ta gama gari. Ɗanlami ya shigo, na ce yau zai yi magana, ko ya ba ni gaskiya ko ya kare matarsa. Ya durƙusa, ya gaishe ni, ya kalli ƙasa, ya tashi. Bayan kwana bakwai Amarya ta haɗa kayanta. Ta zo bakin ƙofata ta durƙusa ta ce, "Inna, duk abin da kika jiƙa min na sha, ban taɓa zubarwa ba. Akwai maganar da ba tawa ba ce, ba kuma za a ji ta a bakina ba. Ki yafe min abin da na yi miki." Ni kuwa na juya mata baya na ce Allah ya kiyaye hanya. Ko ruwa ban ce ta sha ba.

Wata biyu ke nan. Na zaci da ta tafi jariran za su bi ta. Ba su tafi ba, sai ma ƙaruwa, har aka fara nuno wani namiji zaune a bakin gado ya dafe kai. Wata Juma'a bayan la'asar Ɗanlami ya shigo kamar kullum ya ce, "Inna, kawo wayar in sa miki data." Ya ɗauka ya tafi zaure, ya daɗe. Ina zaune ina tsince wake sai hannuna ya tsaya. Kowace Juma'a haka yake yi, tun bara. Ban taɓa sa shi a lissafi ba. Wace uwa ce take sa ɗanta a lissafi?

Washegari na koma wurin Malama na ce, "Mai neman maganin ta bar gari wata biyu. Wa dillalan suke bi yanzu?" Malama ta fashe da kuka. Ta ce, "Inna, ki gafarce ni. Tun ranar farko na ga an rubuta na maza ne. Na ji nauyin in dubi idonki in faɗa miki haka a kan ɗanki, na ce maganin haihuwa na yi shiru. Ranar sunan ba na gari, da na dawo an riga an gama." Na ce ta buɗe inda wayar ke ajiye abin da aka nema, ta karanta min kada ta tsallake ko ɗaya. Ta karanta. Tambayoyi ne na namijin da likita ya gwada ya ce matsalar daga gare shi take. Ko ana warkewa? Ko akwai asibitin da ya fi? Ta ƙarshen a Juma'ar nan aka rubuta ta. A tsakaninsu ga na Amarya, yadda ake dambun nama, zanen lalle na sallah. Iyakarta ke nan, baiwar Allah.

Na gane dalilinsa ba sai an gaya min ba. Wayarsa kullum tana hannun abokan ciniki, wannan ya ara ya kira, wancan ya duba farashi, ya kuma san halin masu tallan nan. Sai ya nemi wuri ɗaya a duniya da ya tabbata ba a iya karatu, ya kai asirinsa can. Wurin uwarsa. Bai san ba sai an iya karatu ake gane hoton jariri ba. Ita kuma ta sani tun Kano, ta rufa masa asiri, na kira ta juya a gaban dangi ta haɗiye, ta kwashe mana tuwo. Mu uku kowa ya ji kunya, ni da shi da Malama, ita kaɗai ta biya.

Su kuma waɗancan masu tallan da ban san su ba, ban san garinsu ba, me na yi musu? Yaro ya kasa gaya wa uwarsa, ya kasa gaya wa amininsa, ya gaya wa waya a zaure shi kaɗai, su kuma suka ɗauki kukansa suka mai da shi talla suna liƙa min a tsakiyar karatun Alƙur'ani. Malama ta ce ai an nemi izini, ni na danna. Izinin da aka nema da yaren da ban sani ba, a wurin matar da ba ta san bihim ba? Ta goge min alamun yanzu, jariran sun daina zuwa. Abin da na faɗa a gidan suna fa, da me ake goge shi?

Na gwada yi masa magana. Shekaranjiya da ya zo gaisuwa na ce, "Maganar yarinyar nan." Ya ce, "Duk abin da kika yanke, Inna." Na buɗe baki in ce na sani, harshena ya ƙi. Shekara talatin da takwas ban kira sunansa ba, yau zan fara da wannan? Kuma ina jin haushinsa, Allah ya sani, don yana gani aka yanka matarsa bai ɗaga kai ba. Amma wa ya riƙe wuƙar?

Yanzu mahaifin Amarya ya aiko. Ya ce ranar Alhamis, tunda dama ranar kasuwar Maigatari ce, mu je da manyanmu, ko dai a faɗa a gaban mutane abin da 'yarsa ta ɓoye, ko a kai masa takardarta. In na je na ce ƙarya na yi mata, za a ce to wa ya nemi maganin, gida kuwa mutum uku ne. Ɗana ba zai ƙara ɗaga kai a kasuwar riɗi ba, ni na haife shi, na san ba zai iya ba. In na yi shiru, yarinyar da ta sha ɗacin saiwoyina shekara shida saboda ciwon da ba nata ba za ta fita da sunan juya maƙaryaciya, wa zai neme ta? Ni kuma in je lahira in tarar da Malam da wannan a wuyana?

Yau Talata. Na ce wa Malama duk abin da kuka rubuto ta karanta min, har zagin, kada ta sake tsallake min komai don kunya.

Jama'a, jibi ne Alhamis. Me zan yi?