Sitiyarin da Ya Hana Ni Ganinki

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hajara ta Damagaram,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗiya ga uwa, da durƙuso har ƙasa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji a makwancinki. Daga Yamai nake rubuto miki, daga gidan jikanki Sani a Bobiyel, unguwar da a zamaninki daji ne na kiwon awaki. Yanzu na girme ki, Inna. Furfurata ta fi wadda kika tafi da ita. Amma har yau akwai maganar da ban faɗa miki ba, wato dalilin da ya sa kika aiko kirana ban zo ba.

Kin san surukinki tun yana karen mota. Kin tuna ranar da ya shigo gaishe ki da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa, kika dubi hannunsa a gaban kawunnaina kika ce, "Wannan hannun da ba ya wankuwa, da shi za a ci tuwon ɗiyata?" Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ni na nace sai shi, ke kuma kika bar ni da zaɓina. Na ɗauka maganar a tsakar gidan nan ta mutu.

Ya kawo ni Yamai, muka zauna a Zongo cikin 'yan kasuwa. Da Nasara suka miƙa mulki, hanya ta buɗe wa masu mota, ya sayi tsohuwar kamiyo, babbar motar kaya, tasa ta kansa, yana jigilar albasa da gishiri da gyaɗa. Shi ne direba, shi ne bakanike. Duk tashar ba wanda ya kai shi sanin cikin mota. Ba ya duka, ba ya zagi, ban taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Na faɗa miki wannan ne don ki san ban hango abin da ke tafe ba.

A ƙarshen bazara wani direba mutumin garinmu, Malam Ilu, ya yi sallama a ƙofar gida. Ya ce ƙanena Lawali ne ya aiko shi: kin kwanta, ƙafafunki sun kumbura, sunana kike kira. Surukinki ya yi salati, ya ce, "Gobe da asuba ni zan kai ki da kaina." Na ɗaure ƙunshina tun kafin magariba. Na sa miki busasshen kifin kogi, da sabulu mai ƙanshi, da turmin zane mai ruwan bula da na daɗe ina ajiye miki. Sani a lokacin bai daɗe da fara tafiya ba.

Da safe na fito da goyo da ƙunshi, na tarar an ɗage gaban motar, an tokare tayoyin baya da duwatsu. Ya ce sitiyari ne ya yi wasa, abin da mutanen garaji a nan ke ce wa bolan. Ya ɗora ni kan kujerar direba, ya ce in riƙa juyawa hagu da dama, shi kuma ya kwanta a ƙarƙashi yana dubawa.

Ba zan yi masa ƙarya ba, Inna, ciwon motar gaskiya ne. Sai na juya sitiyarin kusan taƙi guda kafin tayoyin su motsa, kuma ana jin wani ƙas-ƙas daga ƙasa. Ya kira ni na durƙusa na leƙa. Ya nuna mini sandar ƙarfen da ke kai umarnin sitiyari ga taya, da wata doguwa da ta haɗa tayoyin gaba biyu. A bakin kowace akwai wani dunƙule mai juyawa kamar gwiwar mutum, rotil suke kiransa. Ya kama ɗaya ya girgiza, yana lilo kamar haƙorin tsohuwa. Ya ce, "In wannan ya fice a kan hanya, mota ta daina jin maganar direba. Kina so in kai wa Inna gawarki da ta jikanta?"

Na gode masa. Har cikin raina na gode masa.

Ya ce a kantin Bature babu sabo, sai kaya sun iso. Washegari ya ce ya samu ɗaya amma bakinsa bai hau sandar ba. Wata rana ya kai tsohon wurin maƙeri aka bubbuga shi, ya dawo ya ɗaura, ya ce in hau in juya. Na juya da addu'a a bakina. Daga ƙarƙashi na ji muryarsa, "Bai yi ba." Ya sake kwancewa.

Haka rana ke fitowa tana faɗuwa. Kullum ina fitowa da ƙunshina kamar yau ce tafiyar. Akwai wani koren akwatin ƙarfe mai kwaɗo da yake ajiyewa a inuwar motar, a kansa nake zama, Sani yana wasa da ƙasa a gabana. Ni ke kawo masa fura, ni ke miƙa masa guduma, ni ke hawa in juya duk lokacin da ya ce in juya. Har na iya bambanta kayan aikinsa da sunayensu. Na zaci kowane ƙarfen da na miƙa yana matso da ni kusa da ke.

Da na ga kwanaki suna tafiya, na roƙe shi ya bar ni in bi wata motar. Ya ce, "Matar mai mota a bayan motar wani, a kan buhunan albasa? Me za a ce da ni a Zongo?"

Maƙwabciyata Hawa, Bazabarma ce, ita ta kasa haƙuri. Ta ce da ni da Hausarta, "Ramatu, uwa guda ne. Tashi ka tafi, in ka dawo a yi faɗan." Ta ɗauki ƙunshina a kanta ta raka ni tasha. Wannan direba ya ce ya cika, wancan ya ce a Dosso zai tsaya, wani ya juya mini ƙeya kamar bai ji ba. Sai wani dattijo a cikinsu ya ja ni gefe ya ce, "Ɗiyata, mijinki ya riga ki zuwa. Ya ce hankalinki ya tashi, kada wanda ya ɗauke ki. Shi ke gyara mana motoci, ki yi mana uzuri."

Na komo gida da ƙafafuna. Yana kwance a ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kaɗai ake gani. Bai tambaye ni inda na je ba. Ya ce, "Miƙo mini guduma."

Ko a nan ban gane ba, Inna. Na ce a raina kishi ne irin na maza, da tsoron bakin mutane.

Malam Ilu ya je Damagaram ya sake dawowa. Wannan karon bai yi doguwar sallama ba. Ya tsaya a zaure ya ce kin cika ranar Juma'a, an kai ki kafin la'asar. Ban san yadda na kai ɗaki ba. Hawa ce ta ɗauki Sani, matan unguwa suka cika gidan.

Kashegari da hantsi, ina zaune cikin mata ana yi mini gaisuwa, surukinki ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in fito in taya shi. Matan suka dubi juna. Na tashi na bi shi.

Ya ciro mabuɗi daga aljihu ya buɗe koren akwatin nan da na yi kwanaki ina zaune a kansa. Ya ɗaga tsummoki. A ƙasa ga sababbin rotil a naɗe cikin takarda mai maiƙo, suna ƙyalli. Ya jera su a kan buhu a gabana ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Tun watan jiya na saye su."

Sannan ya yi aikin, ni kuma ina tsaye ina kallo. Ya zare 'yar ƙusar da ke riƙe noti, ya kwance notin, ya bugi gefen ƙarfen da guduma, tsohon ya faɗo ƙasa da kansa. Ya auna tsawon sandar da igiya ya yi ƙulli, ya warware tsohon, ya murɗa sabon har ya kai daidai ƙullin. Ya ɗaure noti tam, ya zura sabuwar ƙusa ya lanƙwasa bakinta, ya cika shi da giris. Ya koma na gaba, ya koma na gaba. Hannunsa bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Daga ƙarshe ya auna tsakanin tayoyin ta gaba da ta baya, ya ga sun daidaita, ya sauke motar ƙasa. Ladan bai kira azahar ba tukuna.

Ya ce in hau in juya. Na hau. Na ɗan taɓa sitiyarin kaɗan, tayoyin suka amsa nan take, babu wasa, babu ƙara.

Da na sauko, ya buɗe tafukansa biyu a gaban fuskata, baƙi ƙirin har wuyan hannu. Ya ce, "Ta ce ba ya wankuwa. Gaskiya ta faɗa. Ta dai manta hanyar Damagaram ta cikinsa ta bi." Bai ɗaga murya ba. Ya juya ya wanke hannun da kananzir da yashi, ya tambaye ni ko an ɗora abincin rana.

Da asuba muka kama hanya. Dosso, Ƙonni, Maraɗi, duk ramukan hanyar nan da ƙurarta, motar ba ta karkata ko sau ɗaya ba. Da hannu guda yake tuƙi, ɗayan yana ɓare goro. Yana nuna wa Sani raƙuma ta taga.

A gidanmu ya zauna a zaure cikin maza yana karɓar gaisuwa. Ina jin su daga bayan zana suna cewa Allah ya yi wa Hajara suruki, ya bar sana'arsa ya ɗauko ɗiyarta tun daga Yamai. Sai Lawali ya gyara murya ya ce kin bar wasiyya. Kin ce a roƙar miki surukinki ya yafe wata magana da kika taɓa faɗa masa da ƙuruciyarsa, kin ce ta daɗe tana damun ki. Sai na ji muryar surukinki a sake, har da 'yar dariya: "Wace magana? Ai ni na manta." Dattawa suka ce kai, wannan mutum akwai haƙuri.

Lawali ya gaya mini sauran daga baya. Ya ce kin sa an juya gadonki ya fuskanci ƙofa. Duk motar da ta wuce a titi sai kin ɗaga kai. Ya ce da 'yan uwa suka fara gunaguni a kaina, kika ce, "Hanya ce ba kyau, kada ku ga laifinta." Kifin da na kawo miki da shi aka yi miyar sadakarki. Zanen na ba ƙanwarki.

Na ce ba zan koma Yamai ba. Na faɗa wa kawunnaina abin da ya faru, suka ce baƙin ciki ne ke magana da bakina, mutumin da kowa ya ga kirkinsa. Shi kuwa bai yi musu da ni ba ko kalma ɗaya. Ranar komawa ya ɗauki Sani daga tsakar gida kamar mai yi masa wasa, ya zaunar da shi a kujerar gaba, ya tada mota. Ya bar ƙofar ɓangarena a buɗe. Injin yana ruri, yaron yana miƙo mini hannu, shi yana kallon gabansa.

Na hau, Inna.

Na zauna da shi har Allah ya karɓi abinsa. Na haifa masa 'ya'ya, na dafa masa tuwo, na yi jinyarsa da ƙarfinsa ya ƙare. Bai ƙara tada maganar ba, ni ma ban tada ba. Ranar da zai cika na zauna a bakin gadonsa ina jira, ko zai ce wani abu. Leɓensa ya motsa, na sunkuya. Ruwa yake so. Na ba shi. Mutane suna cewa a yafe wa mamaci. Ke kin nemi gafararsa ya ce ya manta. Ni bai nemi tawa ba, don haka ban san amsar da zan bayar ba, na bar wa Allah.

Ba don in kai ƙararsa na rubuto ba. So nake ki san da na iso, da na zauna a ƙarshen gadonki na ɗora ƙafafun nan masu kumburi a cinyata ina matsa miki su. Da na dama miki kunun tsamiya mai ruwa-ruwa yadda kike so, na tsefe miki kai na yi miki kitso ko da layi biyu ne. Da kin yi mini faɗan na rame, ni kuma in ce ke ce kika rame. Abin da na rasa ke nan, Innata, ba wani abu mai girma ba.

Sani ya sa wa babbar ɗiyarsa sunanki. Tana da bakinki, ba ta ganin abu ta yi shiru. Wani lokaci in ta saki magana sai in jawo ta jikina in ce ta riƙa tausasawa. Ba ta san dalili ba.

Gwiwoyina sun gaji yanzu, sallah ma a zaune nake yi. Tafiyar da ta rage mini ba ta neman iznin kowa.

Allah ya jiƙan ki, ya yafe miki abin da harshe ya yi kuskure, ya yalwata kabarinki ya sanya haske a cikinsa. Allah ya saka miki da uzurin da kika yi mini alhali ba ki san komai ba. Ya haɗa fuskokinmu a inda ba a jira.

Ɗiyarki ta fari,
Ramatu
Bobiyel, Yamai